KAN BURTU: TARIHIN TSUNTSUN MAHARBA DA YADDA MUKA NEMO MA'AUNINSA A SABO



Babu wanda bai taɓa jin an ce "wane ya yi shigar burtu" ba. Muna faɗa wa ɗan damfara, muna faɗa wa ɗan siyasar da ya zo da rawani ranar neman ƙuri'a. Amma ranar da na tambayi yaran makarantar dare mene ne burtu, cikin kusan ashirin babu wanda ya ce tsuntsu ne. Wani ya ce aljani ne, wani ya ce sunan wani ɓarawo ne na zamanin da. Ba laifinsu ba ne. A Kurmi aka haife su, burtu kuwa tsuntsun dajin Arewa ne. Dalilin wannan rubutu ke nan, tare da wani kuskure da na tafka da hannuna lokacin shirin Ranar Hausa ta 26 ga Agusta.

Kwamitin al'adu ya yanke cewa za a nuna wasan maharba, kuma sai an samo kan burtu. Aka ɗora mini nauyin. Na shiga intanet na ciro hoto mai kyau, na tura wa wani matashin masassaƙi da ke yi mana alluna da ƙotar gatari. Bayan kwana tara ya kawo aiki sumul, ya sha fenti yana ƙyalli. Muka kai wa wani dattijo ɗan asalin ƙasar Bauchi wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa kafin ya zo Badun aikin gadi. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ɗora taƙinsa a kan bakin, ya miƙo mini.

Ya ce, "Malam Sakatare, wannan ai ko akuya ba za ta yarda da shi ba, balle barewa."

Na ce, "Baba, me ya rage?"

Ya ce, "Bakin ya gajarce, kan ya kumbura, ƙahon babu rami, fuskar kuma ja. Ina ka taɓa ganin burtu da jan ido? Je ka nemo awonsa tukuna."

Neman awon nan ne ya kai ni cikin tarihin da zan ba ku.

BURTU DA MAHARBA

Burtu babban tsuntsu ne baƙi, ɗan uwan cilakowa, amma shi a ƙasa yake yini yana tafiya. Nauyinsa ya kai wajen kilo 4. Idan ya buɗe fukafukai sai a ga fararen gashi a bakinsu. Yana da dogon gashin ido kamar na raƙumi. A saman bakinsa akwai wani tudu kamar guntun ƙaho, mai rami, buɗe ta gaba. Fatar da ta kewaye idonsa shuɗiya ce. Namiji yana da jar fata a maƙogwaro mai kumbura idan zai yi kuka, ta mace kuwa shuɗiya ce gaba ɗaya. Yawanci bibbiyu suke yawo, suna tsintar fara da ƙadangare da ƙananan macizai, suna bin inda gobarar daji ta wuce da inda dabbobi ke kiwo. Ana samunsa tun daga Senegal har Habasha, shi ya sa masana suka sa masa suna Bucorvus abyssinicus tun daga sunan da wani Bature ɗan Holan mai suna Boddaert ya raɗa masa a 1783.

Namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Maharban da suka lura da haka sai suka mai da shi hanyar cin abinci. Kibiya mai dafin ƙwanƙwani ba ta cin nesa, haka ma bindigar toka da ta zo daga baya. Dole maharbi ya matso kusa da barewa ko gwanki ko kanki a fili inda babu maɓoya. Sai ya ɗaura kan burtu a goshi, ya rufe bayansa da baƙin zane ko fata, ya duƙa yana rarrafe, yana kaɗa kai yana sarar ƙasa kamar mai tsintar fara, har ya isa inda kibiya za ta kai. Wannan ita ce shigar burtu ta asali. Ba Hausawa kaɗai ke yi ba, Nupawa da wasu ƙabilun tsakiyar Najeriya da na ƙasashen maƙwabta sun san dabarar, kuma akwai irin waɗannan kawuna ajiye a gidajen tarihi na nan gida da na Turai.

Iri biyu ake yi. Akwai wanda ake ɗauko ƙoƙon kan tsuntsun na gaske da bakinsa, a dasa shi a kan wuyan itace da aka sassaƙa a lanƙwashe, baduku ya lulluɓe da fata, a manna jajayen 'ya'yan idon zakara da danƙo a inda jar fatar wuya take. Akwai kuma wanda ake sassaƙa shi duka da itace. Ko a wanne, masassaƙin da bai taɓa wahalar neman awo ba. Tsuntsun yana hannun maharbin da ya kawo aikin, ko tsohon kai yana rataye a zaure. Ya ɗora taƙi, ya ɗora yatsu, ya sari itace da gizago. Alƙalin aikin kuma dabba ce. Idan kai ya yi girma ko ya yi ƙanƙanta, barewa ta ɗaga kunne ta zura da gudu, ranar gidan maharbi ba a ɗora tukunya.

MASASSAƘA DA MAGANAR SURA

Na san wasu za su tambaya, don an tambaya a taron kwamiti. Masassaƙin Bahaushe turmi yake yi da taɓarya da akushi da kujera da allo da sirdi da gangar kalangu. Bai saba da sassaƙa siffar abu mai rai ba, saboda hanin da ya zo a addini game da sura. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin cikakkiyar sura mai inuwa da wadda gaɓoɓinta ba su cika ba, kuma kan burtu kai ne da wuya kawai, kayan sana'a kamar baka da kwari. Ni ba malami ba ne, hukunci na malamanmu ne, kuma sai da muka sanar da su kafin mu ci gaba. Abin da nake son a lura da shi ta fuskar tarihi shi ne, kan burtu yana cikin 'yan abubuwa ƙalilan da masassaƙin Bahaushe ya yi da nufin su yi kama da halittar sak.

Maƙwabtanmu Yarabawa sun yi nisa a sassaƙa, kuma tsuntsu ya cika ayyukansu, a kan kambin sarakuna da sandunan ƙarfe na masu magani da ƙyamaren fada. Shahararren masassaƙinsu Lamidi Fakeye, Musulmi ɗan Ila Orangun wanda ya rasu a 2009, ya yi shekaru yana aiki a nan Ibadan kafin ya koma koyarwa a jami'ar Ife. Amma sassaƙar Yarabawa tana bin ƙa'idar gidan da aka koyo ta. Za ka ga kan mutum ya cinye kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na jiki, da gangan, don darajar da suke ba kai. Tsuntsun da ke kan kambi alama ce ta iko, babu mai zuwa da rula ya auna shi. Don haka ko a wajensu ba mu sami abin da muke nema ba. Awon tsuntsu na haƙiƙa yana wajen wasu mutane daban.

SU WA SUKA AUNA TSUNTSAYENMU

Turawan farko da suka ratsa Borno da ƙasar Hausa ba hanyoyi da kasuwanni kaɗai suka rubuta ba. Denham da Clapperton sun iso Kukawa a 1823, Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da suka koma Ingila sun tafi da fatun tsuntsaye, aka bayyana su a 1826. Har yau akwai wani irin tuje da ke ɗauke da sunan Denham a littattafai, da wata fakara mai sunan Clapperton, alhali maharbanmu sun san su tun kaka da kakanni.

A 1885 zuwa 1886, zamanin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba, wani saurayi Bajamushe mai suna Ernst Hartert ya biyo ta Loko da Keffi da Zariya da Kano har Sakkwato da Gwandu tare da abokin tafiyarsa Paul Staudinger, yana tattara tsuntsaye. Wannan Hartert shi ne daga baya ya zama mai kula da gidan ajiyar halittu na attajiri Rothschild a garin Tring na Ingila, daga 1892 zuwa 1930. Shi ne kuma ya yi nazarin tsuntsayen da Angus Buchanan ya tara. Buchanan ya sauka a Fanisau kusa da Kano a ƙarshen 1919, ya yi zango yana harbi yana feɗewa, sannan ya wuce Damagaram da Agadas da duwatsun Azbin a 1920, ya koma da tsuntsaye sama da dubu. Da kuɗi suka tsinke wa Rothschild, sai ya sayar da tarin fatun tsuntsayensa kusan 280,000 ga gidan tarihin halittu na birnin New York a farkon shekarun 1930. Wato tsuntsun da aka harbo a bayan ganuwar Fanisau yau yana kwance cikin aljihun kabad a Amurka, da 'yar takarda ɗaure a ƙafarsa.

Akwai kuma Boyd Alexander, hafsan sojan Ingila, wanda ya taso daga Kwara ya bi Binuwai da tafkin Chadi har kogin Nilu tsakanin 1904 da 1907 yana tara tsuntsaye. Ɗan uwansa Claud ya mutu a Maifoni kusa da Maiduguri a 1904. Shi kansa an kashe shi a ƙasar Wadai a 1910, aka dawo da gawarsa Maifoni aka binne kusa da ɗan uwan. Daga irin waɗannan tarin ne David Bannerman ya rubuta babban aikinsa kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, mujalladi takwas, daga 1930 zuwa 1951, da tallafin gwamnatocin mulkin mallaka. A ciki kowane tsuntsu yana da tsawon fiffike da baki da wutsiya da ƙwauri cikin milimita, na namiji daban na mace daban.

Abin da ya tsaya mini a rai da na karanta wannan tarihi shi ne, Baturen da bai san daji ba ba zai sami burtu ko tuje shi kaɗai ba. 'Yan ƙasa ne suka nuna hanya, suka ɗauki kaya, suka kawo tsuntsaye, suka faɗi sunayensu. Galibinsu ba a rubuta sunansu a takardar ƙafar tsuntsu ba. Sunayen tsuntsayen dai sun tsira, yawancinsu suna cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. Iliminmu ne ya tafi ya dawo mana cikin lambobi.

RABON IBADAN A CIKIN LABARIN

Garin da muke zaune yana da babban kaso a wannan tarihi, ko da yake da yawanmu ba mu sani ba. An kafa Sabo a 1916, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, kakanninmu suka zauna kan cinikin goro da shanu. Lokacin da Abner Cohen ya zauna cikinmu yana bincike a 1962 zuwa 1963, ya ƙirga mutum dubu huɗu da 'yan kai a unguwar. A daidai waɗancan shekaru, tafiyar 'yan mintuna daga shataletalen Mokola, wani malamin ilimin dabbobi mai suna John Elgood yana koyarwa a jami'ar da aka buɗe a 1948. Elgood ya lura da wani ƙaramin tsuntsu baƙi da ja, dangin kabare mai saƙa sheƙa, wanda bai dace da bayanin kowane littafi ba. Ya auna shi, ya gwada da 'yan uwansa da ke ajiye a gidajen tarihi, a 1958 ya bayyana shi a matsayin sabon iri, ya sa masa sunan garin: Malimbus ibadanensis. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai kudu maso yammacin Najeriya, kuma yanzu yana cikin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu.

A 1964 Elgood da Robert Sharland, wani Bature mazaunin Kano da ya shahara wajen sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa, suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya. Mujallarta ce ta zama Malimbus a 1979, ta Afirka ta Yamma baki ɗaya. Aikin zobe ya kawo sauyi babba. Maimakon a harbe tsuntsu a auna gawarsa, sai a kama shi da raga, a auna fiffike da baki da nauyi, a sa zobe mai lamba, a sake shi. Haka ake yi yanzu a cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da aka buɗe kusa da Jos a 2002, inda 'ya'yan Najeriya ne da kansu ke riƙe da ma'auni. A nan Ibadan ma akwai ƙungiyar masu kallon tsuntsaye da ke haɗuwa a dajin IITA kan hanyar Oyo. Wani ɗanmu da ke karatu a jami'a shi ya nemo mana shafukan burtu daga littattafan da na ambata, da na Borrow da Demey na 2001. Allah Ya yi masa albarka.

INDA LITTAFI DA HOTO KE RUƊAR MASASSAƘI

Samun lambobin bai kashe magana ba. Sai da muka gano tarkuna huɗu, kuma duk mai son sassaƙa ko zana tsuntsu zai ci karo da su.

Na farko shi ne wanda na faɗa. Burtu iri biyu ne a Afirka. Namu na arewa mai shuɗin ido ne da ƙaho buɗaɗɗe. Na kudancin Afirka fuskarsa da wuyansa ja ne, ƙahonsa ɗan tudu ne kawai a rufe. Masu yawon buɗe ido sun fi ɗaukar hoton na kudu, don haka shi ke fara fitowa a waya. Shi na tura wa masassaƙi. Tun daga nan na koyi neman tsuntsu da sunansa na masana, kalmomi biyun nan, don su ba sa canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa.

Na biyu, hoto ba ya faɗin girma. Wanda na ciro an ɗauke shi ne tsuntsun yana fuskantar mai hoto a kaikaice, sai baki ya gajarce, kai ya cika fuska. Masassaƙi ya bi abin da ya gani. Hoton da ke da amfani shi ne na gefe sak, daga nesa, kuma da wani abu sananne a kusa.

Na uku, abin da littafi ke kira tsawon tsuntsu. Littattafai sun ba burtu wajen mita ɗaya. Na ɗauka tsayinsa ke nan daga ƙasa. Ashe masu awo kwantar da tsuntsu suke yi rigingine, su miƙe wuya, su auna daga tsinin baki zuwa ƙarshen wutsiya. Tsuntsu mai rai kuwa wuyansa a lanƙwashe yake, jikinsa a gicciye. Haka awon fiffike ba daga wannan baki zuwa wancan ba ne idan ya buɗe, daga gwiwar fiffike ne zuwa tsinin gashi mafi tsawo yana naɗe. Awon baki kuma wasu daga goshi suke farawa, wasu daga hanci, ga burtu ma ƙaho ya tare wurin. Tsofaffin littattafai sukan haɗa inci da milimita a shafi guda. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, wanda ya manta da wannan zai sassaƙa ɗan tsako ko jimina.

Na huɗu, fatar da ta bushe a gidan tarihi takan ƙanƙance, launin fatar fuska ya dushe ya koma baƙi-baƙi. Shi ya sa masu tarawa ke rubuta launin ido da na wuya a takarda tun tsuntsu bai huce ba. Baki da ƙashi su ne ba sa canzawa sosai. Itace ma yana da nasa halin: ɗanye yakan tsuke idan ya bushe, ya fi tsukewa ta kauri fiye da ta tsawo. Wanda ya auna daidai a ɗanyen itace zai tarar da aikinsa ya rame bayan hunturu.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka wani mai zane, Audubon, ya ga ƙaramin shafi yana mai da babban tsuntsu da ƙarami girma ɗaya, sai ya zana kowanne daidai girmansa na rai. Ya fitar da zane 435 tsakanin 1827 da 1838 a takardu masu tsayin kusan mita ɗaya, masu dogon wuya sai da ya sunkuyar da su kafin su shiga. Can ma maharba ne suka fara sassaƙa agwagin itace suna jera su a ruwa don jawo na gaske, kuma 'yan asalin ƙasar sun riga su: a 1924 an tono agwagin da aka ɗaure da ciyawar ruwa a wani kogo a jihar Nevada, masu shekara wajen dubu biyu. Yau sassaƙar tsuntsu ta zama gasa a can, masu yi suna zuwa gidajen tarihi da ma'auni. Su ma shigar burtu ce ta haifi sana'ar.

SHAWARAR DA MUKA ƘI

Ana cikin haka wani ɗan kwamiti ya kawo hanya mai sauƙi. Ya ce motocin shanu suna zuwa daga Arewa kullum, a ba wani kuɗi ya sa a harbo burtu a turo kan, ko a nema wajen masu sayar da kayan magani. Wasu suka goyi baya, suka ce haka kakanni suka yi. An daɗe ana muhawara.

Dattijon nan ne ya raba gardama. Ya ce a ƙuruciyarsa ba ka yin tafiyar yini a daji ba ka ji kukan burtu da asuba ba, amma zuwansa gida na ƙarshe ko ɗaya bai gani ba. Ya ce kai guda maharbi ke amfani da shi har ya tsufa ya bar wa ɗansa, ba don rawar yini ɗaya ake kashe shi ba. Littattafan sun gaskata shi. Burtu ƙwai ɗaya ko biyu yake yi a kogon babbar bishiya irin kuka, kuma yawanci ɗa ɗaya ke rayuwa. Uwar takan kwanta kan ƙwai wajen kwana arba'in, ɗan ya yi kusan wata uku kafin ya bar sheƙa. Yana da tsawon rai, amma haihuwarsa kaɗan ce. Ga sare manyan itatuwa, ga noma ya cinye daji, ga masu neman kansa don magani. A 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa shi cikin jerin masu fuskantar barazana. A Najeriya yanzu sai a gandun daji irin Yankari ake sa ran ganinsa cikin sauƙi. Muka yanke cewa ƙungiyarmu ba za ta sayi kan burtu na gaske ba, ko nawa ne.

YADDA MUKA ƘARE

Wani memba ya tuna cewa kan burtun kakansa yana nan a gidansu a Arewa, mai ƙoƙon gaske, ya fi shekara sittin. Muka roƙi ƙaninsa ya shimfiɗa shi a kan farar takarda, ya ajiye tef ɗin tela a gefe da tsohon katin ATM da ya daina aiki, ya ɗauka daga sama tsaye, sannan ta gaba da ta ƙasa. Katin ATM ko'ina girmansa ɗaya, santimita 8.56 a tsawo da 5.4 a faɗi, don haka ko lambobin tef sun dushe a hoto, katin zai ba da ma'auni. Muka sa aka buga hoton ana ƙara girmansa har katin da ke cikin hoto ya yi daidai da na hannuna. Masassaƙi ya yanko siffar a kwali.

Muka gwada kwalin da lambobin littafi, suka yi kusa ƙwarai. Muka kai wa Baba ya ɗora taƙi: bakin ya cika taƙinsa ya ɗan haura, kamar yadda ya faɗa tun farko. A nan na ga amfanin rula, don taƙina ya gaza nasa da kusan yatsa biyu. Taƙi da kamu da gaba sun isa idan mai awo da mai aiki suna zaune a tabarma ɗaya. Idan saƙo zai bi waya daga Bauchi zuwa Badun, sai santimita.

Tsawon wuya kuwa babu littafin da ya ba mu. Baba ya sa yaron da zai yi wasan ya duƙa, ya auna daga goshinsa zuwa inda kan burtu ya kamata ya tsaya, ya ce kada ya wuce kamu guda, in ya wuce zai rinjayi wuyan mai ɗauka. Aka yi shi da busasshen itace mara nauyi, aka rarake ƙahon, baduku ya sa baƙar fata. Maimakon idon zakara muka sa jajayen duwatsun ado, don 'ya'yan idon zakara guba ne idan yaro ya tauna. Sati biyu Baba yana koya wa yaron tafiyar: taku uku, a tsaya, a sari ƙasa, a ɗaga kai a waiga. Ranar taro da yaron ya fito daga bayan rumfa, dattawan da suka baro gida shekara arba'in suka miƙe tsaye.

ROƘONMU

Ofishin sakatare ya buɗe littafi na musamman. Duk wanda ke da tsohon kan burtu, ko kwari da baka, ko akushi, ko ma'aunin goro na kakanni, a nan Sabo ko a gida, muna roƙon ya kawo ko ya turo hoto irin yadda na bayyana, da tef a gefe. Ba za mu karɓe wa kowa kayansa ba. Awo za mu yi, mu rubuta sunan abin da garin da ya fito da wanda ya yi shi in an sani. Kwalin kan burtu yana rataye a ofis, duk masassaƙi ko malamin makarantar da ke so ya zo ya kwafa kyauta. Masu dattawa a gida kuma su zauna da su su tambaye su sunayen tsuntsaye da namun daji tun suna tare da mu.

Godiya ga Baba, da masassaƙinmu da ya sake aiki bai ƙara ko sisi ba alhali kuskuren nawa ne, da kwamitin al'adu. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka kafa Sabo, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya raba mu da masu shigar burtu. Amin.

Sakataren Ƙungiya
Sabo, Mokola, Ibadan